Malam-buɗe-littafi da Karyar Kufena

Ina shekara ta biyu a jami'a aka ce kowa a ajinmu sai ya kawo ƙwarin da ya kama da hannunsa, ya busar, ya jera a akwati, kafin a ba shi makin darasin. Ƙawayena masu kwana a makaranta suka bazama bayan ɗakunan kwanansu suna kama fara da buzuzu. Ni kuwa daga cikin birni nake zuwa kullum in koma, kuma a lungunmu ban da sauro da ƙuda da kyankyaso babu abin da ke tashi. Ga shi na ɗora wa raina malam-buɗe-littafi, don su ne ke ƙawata akwati. Wata 'yar ajinmu, 'yar Wusasa, ta ce in su nake so, in hau dutsen Kufena da hantsi bayan an kwana ana ruwa, zan gan su kamar an watsa.

Umma ta ce sam, 'ya mace ba ta hawa dutse ita kaɗai. Baba ya ɗago ya dubi Yaya. A gidanmu in Baba ya dubi mutum haka, magana ta ƙare.

Yaya ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Sana'arsa ɗinkin hannu. Tun da na yi wayo nake ganinsa a zaure, ya tanƙwashe ƙafa, babbar riga a cinya, allura na shiga tana fita a wuyan rigar tun daga hantsi har la'asar. Sanyinsa ya kai ana yi masa tsiya a unguwa. Ranar Babbar Sallah in za a kayar da rago, sai ya tuna yana da saƙo a wani wuri. Ko kaza Umma ba ta miƙa masa, sai dai ta aika a kira maƙwabci. Shi ya haɗa mini ragar kamu: ya yanko tsohon gidan sauro, ya lanƙwasa waya, ya ɗinke su wuri ɗaya, ya ɗaure a bakin sandar gora.

Ranar Lahadi ce, tsakiyar marka. An kwana ana zabga ruwa, gari ya waye tas. Muka bi lungu a kan babur ɗinsa muna kauce wa kwatami, muka fita ta Ƙofar Kuyambana. Da muka bar kwalta sai taɓo ya ƙi mu, dole muka jingine babur ɗin a gindin wata ɗorawa, gefen gonar masara. Akwai wani mutum a gonar yana cirar ciyawa, dattijo ne amma ƙaƙƙarfa, gajere, mai faɗin ƙirji, da adda rataye a kafaɗa. Yaya ya yi masa sannu da aiki, ya roƙe shi ya sa mana ido a kan babur.

Mutumin ya dubi ragar da ke hannuna, ya ce, “Kifi za ku kama a kan dutse?”

Yaya ya yi dariya ya ce, “Malam-buɗe-littafi ne, Baba. Aikin makaranta aka ba ƙanwata.”

“Ikon Allah. To ku bi ta hagu, dama akwai santsi.” Har mun juya ya ƙara da cewa, “In kun ga wata jar karya a sama, tawa ce. Ciki gare ta, ta bar gida kwana biyu, na neme ta na rasa.”

Yaya ya ce in mun gan ta za mu faɗa masa.

Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri kusa da ganuwar da aka haife ni a cikinta ba. A bakin ƙoramar da ke gindin dutsen duman-kada ya shimfiɗu da furanninsa ruwan shanshanbale, tafasa ta yi rawaya gefe da gefe, ga balasa da 'yan furanninta shuɗɗa ƙanana kamar maɓallin rigar jariri. Inda shanu suka tattake laka, ƙananan malam-buɗe-littafi rawaya sun taru sun yi cincirindo suna tsotsar danshi. Da na taka kusa suka tashi gaba ɗaya suka kewaye mini hijabi. Daga can nesa ƙararrawar cocin Wusasa na kaɗawa.

Kamu ɗaya na samu da yawa. Na zaɓi biyu na jefa a kwalbar da na zo da ita, mai auduga jiƙe da magani a gindinta, na rufe. Suka yi ta bugun gilashin da fukafukansu, garin jikinsu na mannewa a bango, har suka lafa. Yaya ya kawar da kai.

Ya ce, “Auta, babu wata hanya sai wannan?”

Na ce, “Haka aka koya mana. In ba haka ba fukafukan za su yage.”

“To ki riƙa yi da sauri.”

Muka ci gaba da hawa. Dutsen ya jiƙe, wani wurin sai da rarrafe. Duk inda ya tsage, ƙasa ta taru, ciyawa da fure sun fito. A wani tsagi muka ga gatarin-kurege ya nannaɗe wata ƙaya ya hau, furensa ja da rawaya, kowane ganye ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Yaya ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. Ya ce shi a zare bai taɓa samun jan da ya kai wannan ba, kuma in ka haɗa ja da rawaya a riga sai a ce ƙauyanci ne, amma ga shi nan an haɗa babu wanda ya isa ya kushe. Na kama wasu manya ruwan lemo masu baƙin baki a kan wata tumfafiya. Wani ma ina shirin kai masa raga, jan-gwada ya rigaye ni, ya cafke shi ya haɗiye, fiffike ɗaya ya faɗo a kan dutse.

Mun kusa kaiwa ƙoli na ga wanda ya fi duka. Baƙi ne wuluk, da ɗigo shuɗi a kowane fiffike mai sheƙi kamar rigar da ta sha sabon bugu. Ya sauka a kan dutse yana buɗewa yana rufewa a hankali. Na kai raga ya tashi. Na bi shi, ya sake sauka, na sake kuskure. Haka ya yi ta ja na har inda wasu manyan duwatsu biyu suka jingina da juna suka yi kogo, ciyawa ta rufe bakinsa. Ya sauka a kan ciyawar. Yaya yana bayana da 'yar tazara, yana ce mini in yi hankali da santsi. Na ji wani wari kamar na ɗanyen nama, ban kula ba. Na ɗaga raga na maka ta a bakin kogon da ƙarfi.

Ba ta yi haushi ba. Gurnani kaɗai na ji daga ciki, mai kauri, sai ga jan abu ya fito a ƙasa-ƙasa. Kafin in ja da baya karyar ta kama ni a sha-raɓar ƙafar hagu. Da farko ba zafi na ji ba, nauyi na ji, kamar an datse mini ƙafa da ƙofar ƙarfe. Ta fizga, na faɗi da baya, ƙeyata ta bugi dutse. Kwalbar ta fashe a ƙarƙashina, gilashi ya shige mini tafin hannu. Sannan ta fara girgiza kai, hagu da dama, tana ja na zuwa bakin kogon. Na ji naman ƙafata yana rabuwa. A nan zafin ya zo, na kurma ihun da ban san ina da shi ba.

Na shure ta da ɗaya ƙafar, takalmina ya fice. Idanunta na kaina, kunnuwanta a kwance, haƙoranta sun nutse har dadashi a cikin siket ɗina. Ban ga lokacin da Yaya ya iso ba. Na dai ga ya fizgi gorar ragar yana zabga mata a gadon baya, yana cewa, “Sake ta, sake ta,” kamar mai roƙo. Gorar ta tsage, ta dare biyu, ya ci gaba da duka da guntun. Ta sake ni.

Kansa ta yi. Ta daka tsalle ta nufi maƙogwaronsa, ya tare da hannun dama, hannun ya shige bakinta har wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙashi. Suka faɗi tare, suka gangara kan dutsen har wani ɗan kwari da ruwan sama ya taru. Tana yaƙushin cikinsa da ƙafafun baya, rigarsa ta kece tun daga ƙirji har ƙasa. Ya yi ta kokawa har ya juya ta, ya danne haƙarƙarinta da gwiwa, hannunsa na cikin bakinta har lokacin. Ya lalubo da hannun hagu, ya samu dutse kamar girman ɗan turmin daka yaji. Ya ɗaga ya sauke mata a ka.

Ta yi wata ƙara siririya, amma ba ta saki ba. Ya sake. Ya sake. Bakinta ya buɗe, hannunsa ya fito jina-jina, ƙafafunta suka miƙe suna karkarwa. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya kama dutsen da hannu biyu, har da wanda aka tauna, ya ci gaba. Kowane bugu sai ruwan kwarin ya fantsalo ja a fuskarsa. Wani sauti ke fita daga ƙirjinsa, ba magana ba, ba kuka ba. Ƙarar bugun ta canza daga ta ƙashi ta koma ta abu mai laushi, bai daina ba.

Na ce, “Yaya, ya isa. Ta mutu.”

Bai ji ni ba. Na ja jiki a kan dutse ina barin sawun jini, na kama gefen rigarsa na ja.

“Yaya, don Allah. Ta mutu.”

Ya tsaya da dutsen a sama. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya sake shi ya faɗa cikin ruwan, ya zauna daɓas yana haki.

Wurin ya yi tsit. A cikin shirun ne muka ji wani kuka ƙasa-ƙasa daga kogon, tsui-tsui, muryoyi da yawa. Na dubi gawar. Nonuwanta sun cika sun yi tantsan-tantsan, wani na tsiyayar da farin ruwa a kan jan gashin cikinta. Yaya ma ya gani.

Ihuna ne ya hawo da mai gonar. Ya ɓullo ta bayan dutse yana haki, adda tsirara a hannu, yana tambaya ko maciji ne. Sai idonsa ya sauka a kan kwarin. Ya tsaya cak. Ya tako a hankali, ya durƙusa, ya ɗora hannu a cikinta, ya kira sunanta. Ya nemi inda zai shafa a kanta ya rasa, don babu sauran kai da za a shafa. Ya daɗe a haka.

Da ya miƙe, fuskarsa ta zama wata iri. Ya ce wa Yaya, “Kai ka yi wannan?”

Yaya ya ce, “Ni ne, Baba.”

Mutumin ya juya addar ya zabga masa faɗinta a kafaɗa. Ƙarar ta amsa a jikin duwatsu. Yaya ya kife, ya taso, mutumin ya ƙara masa a baya, ya ƙara a wuya.

“Na ce muku tawa ce. Ban ce muku tawa ce ba? Kun baro birninku kun zo kun same ta a ɗakinta. Me ta ci muku?”

Yana faɗa yana duka. Ya sa ƙafa ya hamɓare shi a haƙarƙari, Yaya ya faɗa kan gawar. Bai kare ba, ya dai rungume hannunsa a ƙirji. Bakinsa ya fashe. Ina ta kiran “Baba, Baba,” mutumin bai ko waiwayo ba. Sai na ga ya gyara riƙon addar, kaifin ya koma ƙasa, ya ɗaga ta sama da kansa.

Ban san yadda na kai wurin ba. Na dai tsinci kaina na rungume ƙafafunsa da hannu biyu, fuskata a kan lakar wandonsa.

Na ce, “Baba, dubi ƙafata. Don girman Allah ka dubi ƙafata tukuna.”

Ya yi ƙoƙarin fizge ƙafarsa, na ƙi saki. Ya sunkuyo da kai. Siket ɗin ya yage, naman sha-raɓata ya buɗe ya rataya, ana hango wani farin abu a ciki, jini na bin dutse yana gangarawa. Ya kalla, ya kalli hannun Yaya. Hannunsa da ke sama ya fara saukowa kaɗan-kaɗan har bakin addar ya taɓa dutse.

Ya ce, “Ita ta yi miki wannan?”

Na ce, “Ita ce.”

Ya ce, “Ba ta taɓa cizon kowa ba.” Ya sake faɗa, a hankali, ba da ni yake ba.

Ya ciccibe ni ya kai ni bakin wani kwarin mai ruwa garai-garai, ya riƙa kamfato ruwa da hularsa yana kwarara wa ciwon. Ya zare gilashin da ke tafina da farcensa. Ya sa adda ya yanki gefen hijabina, ya ɗaure ƙafar tamau har na ga duhu-duhu. Ya yanki wani ƙyallen ya jefa wa Yaya ba tare da ya dube shi ba. Yaya ya kasa ɗaurawa da hannu ɗaya. Mutumin ya tsaya yana kallonsa yana fama da haƙori, sannan ya yi tsaki ya je ya ɗaure masa.

Ya rarrafa cikin kogon ya fito da 'yan kwikwiyo a cikin rigarsa, ko ido ba su buɗe ba. Suna ta cusa baki a ƙirjinsa suna neman nono.

A nan na tuna abin da aka koya mana a aji game da ciwon haukan kare: in ya bayyana a jikin mutum babu magani, kuma ba a tabbatar da dabba na da shi sai an duba ƙwaƙwalwarta. Na yi ta juya maganar a bakina. Ga mutum tsaye da marayu a riga, ga abin da zan roƙe shi. Amma ƙafata ce, kuma hannun Yaya ne.

Na ce, “Baba, an taɓa yi mata allura?”

“Wace allura? Lafiyarta ƙalau. Haihuwa ta yi.”

“Na yarda. Amma a asibiti za su ce sai an kai kanta wurin likitocin dabbobi sun gwada. In ba haka ba, ba za a san ko mun tsira ba.”

Ya dube ni, dubawar da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Yaya ya yunƙura ya ce, “Kawo addar, Baba, ni zan yi.”

Mutumin ya ce, “Kada ka sake taɓa ta.”

Ya tuɓe rigar da 'yan kwikwiyon a ciki, ya ajiye a cinyata. Ya jawo gawar ta ƙafafun baya ya fito da ita daga ruwa, ya miƙar da wuyanta a kan dutse. Ya yi bisimilla. Sara na farko ya tsaya a ƙashi. Ya zare, ya sake, addar ta goce ta bugi dutse har wuta ta yi tartsatsi. Sai da ya taka kafaɗarta da ƙafa ya yi ta sara kafin ya rabu. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. 'Yan kwikwiyon na motsi a cinyata, da ɗumi, ɗaya ya kama ɗan yatsana yana tsotsa. Yaya ya juya baya ya yi ta kwara amai.

Na zazzage jakar ledar da na zo da abinci a ciki na miƙa masa, ya sa abin da ya rage na kan ya ƙulle. Gangar jikin kuwa ya ja ta ya mayar cikin kogon, ya toshe bakin da duwatsu saboda ungulu.

Saukowa ta fi komai wuya. Yaya ya goya ni, hannu ɗaya na tallafe da ni, ɗayan a rataye. Mutumin na gaba, rigar 'yan kwikwiyo a wuya, leda a hannu, duk inda ya yi santsi sai ya juyo ya ba Yaya kafaɗa ya dafa. A wani wuri ƙafar Yaya ta zame, muka zube tare, ciwon ya sake ɓallewa. Muka ratsa ta cikin furannin da muka tsaya kallo da safe, rana ta yi sama, balasa duk ta rufe. Ƙananan rawayan nan suna nan a kan lakarsu, wasu har suka biyo mu suna sauka a kan ɗaurin ƙafata.

Yaya ba zai iya riƙe kan babur ba. Mutumin ya ajiye 'yan kwikwiyon a inuwar masara, ya rataya ledar a kan babur ɗin, ya tuƙa mu, ni a tsakiya a karkace, Yaya a baya. Haka muka shiga Wusasa daidai lokacin da ake tasowa daga coci. Mutane cikin kwalliya suka riƙa darewa suna bin mu da kallo.

A asibiti wata nas mai jiki ta ce in yi haƙuri, abin da za ta yi zai fi cizon zafi. Ba ƙarya ta yi ba. Ta buɗe famfo a kan ciwon, ta sa sabulu, ta riƙa cusa yatsa cikin kowane rami tana wankewa, mata biyu na danne da ni. Na kira Umma har muryata ta dushe. Aka yi mana allurai, wasu a dantse, wasu a cikin bakin ciwon kansa. Ta bayan labule ina jin ana yi wa Yaya nasa, ban ji ko tarinsa ba. Da likita ya ga shatar adda a bayansa ya tambaye shi wannan fa, sai ya ce faɗuwa ya yi a kan dutse. Mai gonar na tsaye a bakin ƙofa da ledarsa, ƙuda na bin ta. Shi ya kai ta wurin likitocin dabbobi a Samaru da kansa washegari, don ya ce ba zai ba kowa ba.

Da aka kawo mu gida, Umma ta ga kayanmu ta zauna a ƙasa a tsakar gida. Daga baya ta tattara su duka, har da hijabin, ta cinna musu wuta a bayan ɗaki. Baba ya saurari labarin daga bakina tun daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba, har dukan. Ƙannen Baba suka ce sai an kai mutumin wurin 'yan sanda. Yaya ya ce in an kai shi, shi zai je ya ce ƙarya ne. Aka bar maganar.

Sakamako ya fito, karyar ba ta da ciwon komai. Ƙafata ta warke ta bar rami, har yanzu in na daɗe a tsaye tana yi mini tsami. Ƙwarin da na riga na naɗe a takarda cikin jaka ba su lalace ba, su na jera na kai, aka karɓa. Na Yaya ne ya daɗe. Haƙorin ya tsinka masa jijiya, babban yatsa da manuni suka ƙi haɗuwa. Ya shafe watanni yana zaune a zaure hannu a cinya, rigunan mutane na rataye a ƙusa. Daga baya ya koya wa kansa riƙe allura tsakanin manuni da na tsakiya, ya koma aiki, sai dai rigar da yake gamawa a wata ɗaya yanzu takan kai shi biyu.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar. Na kai masa abinci zaure, na juya zan tafi ya ce, “Auta, kin san tun da bakinta ya buɗe na san ta mutu?”

Na ce, “Ka ji tsoro ne, Yaya.”

Ya ce, “A'a. Tsoron ya riga ya wuce. Ina jin ki sarai kina cewa ya isa. Hannuna ne ya ƙi tsayawa, kuma ban so ya tsaya ba.” Ya jawo kwanon ya buɗe. “Je ki, Umma na kira.”

Ana gab da girbin masara, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka yi sallama a ƙofar gida. Mai gonar ne, cikin wankakkiyar riga, da ƙwarya rufe da faifai. Ya ce tambaya ya yi ta yi lungu-lungu, gidan mai ɗinkin da kare ya ciza, har aka nuno masa. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira ni na zo ina ɗingishi na gaishe shi daga bakin ƙofa. Ƙwan zabi ne cike da ƙwaryar. Ya tambayi ƙafa, na ce da sauƙi. Ya juya wurin Yaya ya ce ya nuna masa hannun. Ya riƙe shi ya jujjuya, ya gwada lanƙwasa yatsun, suka ƙi.

Ya ce, “Malam, na ɗaga maka ƙarfe. Ka yafe ni.”

Yaya ya ce, “Ni ne mai neman yafiya, Baba.”

“Kai ƙanwarka ka ceta. Ita ma 'ya'yanta take karewa. Ni ne dai ban san me nake karewa ba.” Ya saki hannun. Ya ce 'yan kwikwiyon sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, biyu suka rage, da nonon akuya matarsa ta raine su a murfin kwalba. Yanzu har sun fara bin kaji da gudu. “Namijin na ajiye maka. Naka ne.”

Baba ya gyara zama a kan buzunsa ya ce, “Ai ka san ba ma ajiye kare a gidan nan.”

Mutumin ya ce, “Na sani, Malam. A wurina zai zauna. Amma nasa ne.”

Na ɗauka magana ce ta fatar baki. Amma bayan 'yan makonni na ga Yaya na tattara ƙanzo da ƙasusuwan miya a leda, ya rataya a babur ya fita. Tun daga nan, duk wata ko makamancin haka, yakan je. Na taɓa bin sa bayan na gama makaranta. Karen ya girma, ja ne mai farin ƙirji. Da ya ji ƙarar babur ya taho a guje yana kaɗa bindi, ya tsaya ɗan nesa, don an koya masa kada ya taɓa kayan Malam. Yaya ya juye masa ledar a gindin ɗorawa, ya koma ya zauna a kan wani kututture kusa da mai gonar. Suka yi ta hirar tsadar taki da ruwan bana, karen na ta ƙwaƙular ƙashi, har aka kira la'asar muka tashi.